Ashirin Ɗin da Sista Take Cirewa

"Wanda ya san ya lashi wani abu da safen nan ya faɗa mini tun yanzu, kafin na'ura ta tona masa asiri!"

Da wannan gargaɗin Sista ke buɗe ɗakin masu hawan jini da ciwon suga, ƙarfe bakwai da rabi na safe, shekara goma sha huɗu ke nan. Nas ce, shekarunta arba'in da shida, rabinsu cif a asibitin nan ta yi su. Ma'aikatan jinya mata sun fi ɗari a wurin, kowacce kuma sista ake ce mata, amma in ka ji an ce "Sista" ba a ƙara komai ba, to ita ake nufi. Muryarta ke fara isowa, sannan jan takalminta. Tsofaffin da ke jere a kan benci sai su gyara zama kamar 'yan makaranta.

"Baba, hau sikeli. A'a, bar hular a kanka, ba ita ta ƙara maka kilo uku ba."

"'Yata, wallahi iska ce ta cika mini ciki."

"To wannan iskar da mai aka soya ta."

Sai ta zagaya masa tef ɗin awo a ƙugu, ta nuna masa lambar da farce. "Tumbi ba arziki ba ne, Baba. Shi da hawan jini da suga da kitsen jini 'yan ɗaki ɗaya ne. In ɗaya ya shigo gidanka, sauran suna bakin ƙofa suna cire takalmi."

Ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Akwai mutane da dama da ke tafiya da ƙafafunsu biyu a yau saboda masifar da ta yi musu. Sai dai ita kanta kujerarta mai hannu ta daɗe da yi mata kaɗan, har aka sauya mata da mara hannu ba tare da kowa ya ce uffan ba. Sau ɗaya wata tsohuwa ta yi ƙarfin hali.

"Sista, ke kuma wa yake auna ki?"

"Ni ce mai sikelin, Inna. Hau."

Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Ba haka aka haife ta ba. Akwai hotonta na ranar gama makarantar jinya, farar riga a jikinta kamar an rataye a ƙusa. Ita ce babba a gidansu, su biyar. Mahaifiyarsu ta rasu Sista na shekara ta biyu a makarantar jinya, ta bar mata autansu yana da shekara shida. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta je neman masa aure. Tun daga lokacin ta saba da abu ɗaya: a gidansu in abu ya taso, ita ce ke cewa "ku bar mini", kuma a bar mata.

Ƙibar a hankali ta shigo, kamar baƙon da ya zo gaisuwa ya zarce. Mutum sittin a layi, nas biyu a ɗaki, yaushe za a zauna cin abinci? A tsaye take karyawa, a bayan kabad: burodi da shayi mai cokali huɗu na suga, don shi ke riƙe ta har azahar. Ga lemon kwalba da 'yan uwan marasa lafiya ke dire mata a kan tebur don godiya, abin da ba ya mayaruwa. Da yamma ta isa gida ƙafafu a kumbure, ta haɗa na rana da na dare ta ci a zama ɗaya. Tela ya buɗa mata riga sau uku. A na huɗu ya juya rigar ya ce, "Sista, babu sauran yadi a ɗinkin nan, sai dai sabuwa."

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Daga likitoci har masu tura gado, tumbi ya yi wa asibitin nan yawa. Kowace shekara ana raba wa ma'aikata takardar gwajin lafiya, amma yadda ake yi da ita sananne ne. Ka miƙa wa na kusa da kai ka ce, "Cike mini." Ya rubuta ɗari da ashirin bisa tamanin, ya sa hannu, kai ma ka cike masa. Wanda ya buɗe kabad ɗin ofis ya karanta takardun nan zai rantse jini ɗaya ke yawo a jikin ma'aikata ɗari huɗu.

Ita Sista takan auna kanta jefi-jefi, in ta ji ƙeyarta ta yi nauyi. Maɗaurin na'urarsu, wato abin da ake naɗawa a damtse a hura masa iska, matsakaici ne, da ƙyar bakinsa ke haɗuwa a hannunta. Ta kuma san abin da duk mai aikin jinya ya sani: in maɗauri ya yi wa damtse kaɗan, na'ura kan ƙara lamba. Saboda haka in ta ga ɗari da sittin sai ta ce, "A cire ashirin na maɗauri." Ɗari da arba'in ɗin da ya rage kuma ta ce gajiya ce. Da wanda bai san komai ba ne, da ya tsorata ya ruga wurin likita. Ita iliminta ne ya riƙe ta, shekara bakwai.

Sai ƙodojin Auta suka tsaya.

Malamin lissafi ne a firamare, shekararsa talatin da biyu, da mata da 'ya ɗaya da ta fara tafiya. Ciwon tun yana saurayi yake cin sa a ɓoye. Aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, awa huɗu-huɗu, a hawa na biyu na asibitin da yayarsa ke aiki. Likitan ƙoda ya ce injin riƙo ne kawai, dashe ne magani, kuma ɗan uwa ya fi. Bai rufe baki ba Sista ta ce, "Ni zan ba shi." Aka gwada rukunin jininsu, ya zo daidai. Aka ɗauki wata biyar ana jiran Auta ya warke daga wani zazzaɓi da ya shiga jininsa. Da ya warke, aka sa mata ranar Laraba don cikakken gwajin mai bayarwa. Ba a cire ƙodar mutum sai an tabbatar ɗayar za ta riƙe shi har tsufa.

Ana saura kwana shida, mai kula da sito ya shigo ɗakinta da kwali.

"Sista, ga abin da kika ishe mu da takarda a kansa. Shekara uku!"

Babban maɗauri ne, na masu kaurin damtse. Ita ta yi ta rubuta a sayo, saboda marasa lafiyarta. Ta sa hannu, ta ajiye shi a gefen tebur, ta ci gaba da aiki. Amma duk juyawar da za ta yi sai idonta ya faɗa kansa.

Da aka tashi, ta bari abokiyar aikinta ta fita, ta murza makulli. Ta zauna minti biyar cur, ƙafafu a ƙasa, baya a jingine, kamar yadda take sa mutane. Ta naɗa shi. Ya zagaye damtsen har da rara. Ta danna.

Ɗari da sittin da huɗu bisa ɗari da biyu.

Ta sauya hannu. Ɗari da sittin da shida. Ta kwance shi, ta mayar da tsohon, ta matsa shi da ƙyar. Ɗari da saba'in. Shida ke nan, ko huɗu. Iyakar abin da ƙaramin maɗauri ke ƙara mata ke nan duk shekarun nan.

Wayarta ta yi ƙara. Auta ne, daga kan injin.

"Yaya, kin tashi? 'Yarki ta ce in gaya miki ta iya cewa 'ƙoda'. Wallahi ba ni na koya mata ba."

"Uwarta ce, sarkin surutu."

"Yaya, lafiya? Muryarki wani iri."

"Gajiya ce. Ka sha maganinka?"

Akwai wata durowa a ɗakin da ake tara magungunan da marasa lafiya suka dawo da su in likita ya sauya musu. Ta daɗe tana kallon durowar. Sannan ta jawo ta, ta zaɓi sashe guda na ƙwayar da ta san tana sauke jini da sauri, ta cusa a aljihun riga. Ta fara sha a ranar, ta ci gaba kullum da safe. Ranar Talata kuma tun azahar ta daina cin komai, don suga ya kwanta. Mijinta ya tambaye ta, ta ce likita ne ya ce.

Laraba da safe lif ɗin asibiti ya ƙi tashi, kamar yadda ya saba. Ta hau matakala hawa biyu, ta tsaya hutawa sau uku tana riƙe da ƙarfe. Ta tura ƙofar ɗakin gwaji tana haki, sai ta yi turus.

Agogo ce a kan tebur.

Tare suka yi makarantar jinya, gado sama da ƙasa. An laƙaba mata Agogo ne don har yau ba ta yarda da bugun jinin da na'ura ta ƙirga ba, sai ta ɗora yatsu a wuyan hannunka ta kalli agogonta minti guda cur. Siririya ce, mai gilashi a kan hanci, ba ta da yawan fara'a. Shekara uku ke nan da aka mayar da ita sashen ƙoda.

"A'a, yau manya ne a ɗakinmu. Zauna kafin ki faɗo mini, ba ni da mai ɗaga ki."

"Ke dai busasshiya, har yanzu ba a samo miki abinci ba?"

"Kin cinye. Miƙo hannu."

Ta naɗa mata babban maɗauri, na'ura ta yi gurnani ta saki. Ɗari da talatin da shida bisa tamanin da shida. Sista ta saki numfashin da ta riƙe.

"To, rubuta. Ina da mutum hamsin a ƙasa suna jira na."

Agogo ba ta ɗauki biro ba. Ta kama wuyan hannunta, ta juya agogo. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Minti ya cika. Ba ta saki ba, ta sake wani mintin.

"Hamsin da biyu," in ji ta.

"Haka nawa yake."

"Tun yaushe? Ni na fara koyon ƙirga a hannun nan, tamanin da wani abu yake yi ko kina barci. Yanzu kin hawo bene biyu kina haki kamar an koro ki, gumi har wuya, zuciya kuma tana tafiyar hawainiya?" Ta cire gilashinta. "Me kika sha?"

"Ban sha komai ba. An ce kar a ci kar a sha."

"Kwana nawa kina sha?"

Sista ta kalli ƙofa. Ta sassauta murya. "Shida."

"Kafin ki fara, nawa kika gani?"

Ta faɗa mata. Agogo ta runtse ido.

"Don Allah, ƙawata," in ji Sista. "Ba ƙarya za ki yi ba. Abin da na'ura ta nuna za ki rubuta. Sau nawa na cike miki takarda? Sau nawa kika cike mini?"

"Waccan takardar kabad take shiga. Wannan ɗakin tiyata take shiga."

"Yaron nan yana ƙarewa a gabana. Kin ga hannunsa? Babu sauran inda za a soka allura. A bayana ya girma. In an yi aikin an gama, wallahi zan kama magani, zan rage jiki, duk abin da kuka ce."

"Da ƙoda ɗaya."

"Mutane nawa ke yawo da ɗaya?"

"Masu lafiya. Ke kike koya wa mutane abin da hawan jini ke yi wa ƙoda, da zane a allo, ni ma a wurinki na ji wani. Shekara nawa taki tana shan wannan bugun?"

Agogo ta matso da kujerarta kusa da ita.

"Wanzami ba ya son jarfa. To bari in gaya miki. In na rufe ido, biyu za a yi. A ba shi ƙodar da ta riga ta gaji, ta yi masa 'yan shekaru ta tsaya. Ke kuma taki ɗayar ta biyo baya. In shimfiɗa muku gado biyu a jere a ɗakin can, yaya da ƙani, ina ba ku ruwa da cokali. Ba da hannuna ba."

"To ki zuba ido ya mutu."

"Kar ki ɗora mini wannan." Agogo ta mayar da gilashinta. "Kar ki soma. Kuma ko na yi shiru, yunwar da kika sha tun jiya ba za ta cece ki ba. Leɓenki ya bushe, na gani. Gwajin da za a yi miki na sugan wata uku ne, ba na safiyar yau ba. Kin manta, ko kin sa kanki mantawa?"

Ta san da shi. Ita ke tura mutane yin sa kullum.

Agogo ta ɗauko tef. "Tashi, ɗaga hannu." Ta zagaya mata, ta karanta a ranta, ta rubuta. Sannan ta tambaya ba tare da ta ɗago ba, "Cikin 'yan uwanku wa kuma aka gwada?"

"Ba kowa."

"Ban gane ba. Ku biyar ne."

"Mai bi mini, makanike, ya ce a gwada shi. Na ce masa ya je ya ji da sigarinsa da 'ya'yansa shida. A gaban matarsa na faɗa. Bai sake taka gidana ba. Matan kuma ɗaya na da ciki, ɗayar na ce ta zauna, na isa."

"Wata biyar."

"Wata biyar."

Agogo ta ajiye biron a gabanta. "Ni zan gaya wa likita, ko ke?"

Sista ce ta gaya masa da kanta. Likitan yaro ne a kanta, a ɗakinta ya yi koyon aiki, har yau "Mama" yake ce mata. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Da la'asar sakamako ya fito. Suga ya haye iyaka, kitsen jini ya yi sama, ga alamar ƙodar ta fara yoyon abin da bai kamata ba.

"Likita, in na rage kilo ashirin fa? Ka ba ni wata shida."

"Ki rage, Mama, don kanki. Amma ba zan ɓoye miki ba: da hawan jini da suga a haɗe, ba yanzu ba, ba kuma nan gaba ba. Ƙodojin nan biyu naki ne, kina bukatarsu. Kuma ƙwayar nan kar ki yanke ta kai tsaye, ki zo gobe mu tsara. Shi ɗan uwanki kuma a kawo mini wani a gwada, da wuri. Jijiyoyinsa ba za su ba mu dogon lokaci ba."

Washegari Alhamis, ranar wankin Auta. Ta bar ɗakinta a hannun abokiyar aiki, abin da ba ta taɓa yi ba da rana tsaka. Gadaje takwas ne a ɗakin, kowanne da injinsa yana juya jini a cikin roba. Auta na gadon ƙarshe, bargo har ƙirji, littattafan 'yan aji a kan cinya yana yi musu maki da hannu ɗaya.

"Ga mai ƙodata! Yaya, an ce wacce za a ba ni, ta dama ko ta hagu? Ni dai a ba ni wadda ba ta da masifa."

Ta jawo kujera ta zauna. Ba ta yi dariya ba. Jan biron ya tsaya a hannunsa.

"Ba za a karɓi tawa ba, Auta."

"Jinin bai dace ba? Ai an ce ya dace."

"Ya dace. Ni ce ba ni da lafiya. Hawan jini, da suga. Sun daɗe."

"Sun daɗe kamar yaya? Ke da ke auna duk garin nan?"

"Na gani. Na yi ta ba kaina uzuri."

Ya juya kai ya kalli injin. Ya daɗe yana kallo. Wani tsoho a gadon kusa ya yi tari, nas ta wuce da tire.

"Jiya na gaya wa shugaban makaranta ya riƙe mini ajina, zangon gaba zan dawo gaba ɗaya," in ji shi, bai dube ta ba. "Har na yi wa yara alkawari."

"Ka yafe mini."

"Ba wannan ba ce maganar." Ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Da kin bari an gwada kowa tun farko. Kullum 'ku bar mini, ku bar mini'. To an bar miki."

Ta sunkuyar da kai. Bai taɓa ɗaga mata murya ba tunda aka haife shi, yanzu ma bai ɗaga ba.

Can ya ce, "Sun ba ki magani?"

"Yau za a tsara."

"Ki sha. Gadon nan na kusa da ni da mai shi, ba na neman maƙwabciya." Ya share ido da gefen bargo. "Yaya makanike fa, wa zai yi masa magana? Ni ba zan iya buɗe baki in roƙi mutum ƙodarsa ba."

"Ni na kore shi. Ni zan kira."

Ta fito baranda, ta jingina da bango. Ta nemo lambar, ta daɗe yatsanta na kai kafin ta danna. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. A karo na uku aka ɗauka, ƙarar guduma da injin mota suka cika mata kunne.

"Wa ke magana?"

"Ka goge lambata ne?"

"Au, Yaya ce. Ai na ɗauka mai sigari ba ya cikin 'yan uwa."

"Na yi kuskure. Na ci fuskarka a gaban iyalinka, ka yi haƙuri. An gwada ni, ba a karɓi tawa ba. Ba ni da lafiyar da zan ba wani."

Ta ji ya daka wa wani tsawa ya kashe injin. Gareji ya yi tsit.

"Ke?"

"Ni."

"To shi Auta fa?"

"Likita ya ce lokaci ya ƙure. Ban san ko za su karɓi taka ba, kuma ba dole. Ka yi shawara da matarka tukuna."

"Da ita muka yi shawarar tun wancan karon. Sigarin ma na bari, wata huɗu ke nan, ba ki tambaya ba ne." Ya ja numfashi. "Ƙarfe nawa ake zuwa?"

"Bakwai da rabi. Hawa na biyu. Kar ka ci komai."

"In na zo ke za ki auna ni?"

"A'a," in ji Sista. "Akwai wata mai gilashi. Duk abin da ta tambaye ka, ka gaya mata gaskiya."